Ɗana, Ribar A-kori-kura Tana Cikin Tanki

Ɗana mai riƙe da sitiyari, da ke 'yata da kika haɗa jari kika sayi a-kori-kura kika damƙa wa direba, ku ba ni aron hankalinku. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lissafin wannan sana'a ya sauya a Maiduguri, amma hannu da ƙafar matasan direbobi da yawa ba su sauya ba. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta koma naira 557 a nan cikin kwana biyu, farashin da ya fi na Legas da na Abuja, sannan a 2024 ta haura naira dubu. Dalilin da ya sa namu ya fi tsada ba ɓoyayye ba ne. Man da ake zuba mana tankoki ne ke jigilarsa daga kudu, tafiyar sama da kilomita 1,500, kuma kuɗin wannan tafiya a kanmu yake ƙarewa. Masu motar dizal ma ba su tsira ba, su da ma tuni aka bar su da kasuwa. A da, wanda ya ɗauki buhunan shinkafa daga Zabarmari ko kwalayen kifi daga kasuwar hanyar Baga yakan iya yin sakaci da mai kuma ya koma gida da na cefane. Yau sakacin da kansa shi ke cinye na cefanen. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mafi yawan man da ke salwanta ba inji ne ke ɓarnatar da shi ba, halin mai tuƙi ne da shawarar mai lodi, kuma waɗannan biyun gyaransu ba ya cin ko kwabo.

Kuskuren farko da ake ta maimaitawa shi ne ƙorafi ba tare da awo ba. Yaro zai ce motar nan tana shan mai, ka tambaye shi lita nawa take sha a kilomita ɗari, ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne gaba ɗaya, domin sayen mai na dubu biyar da safe da na dubu uku da la'asar yana ɓoye gaskiya, ga farashi kullum yana motsi. Awon kuwa mai sauƙi ne. Ka cika tanki har bututun gidan mai ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar da agogon kilomita ya nuna, ka yi aikinka, ka dawo gidan man nan ka sake cikawa. Litar da ta shiga karo na biyu ita ce abin da ka ƙona, sai ka raba ta da nisan da ka yi. Ka maimaita sau da yawa, ɗauke da kaya da kuma wayam, cikin gari da kan hanya. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: motar da ke shan lita 12 a kilomita 100, tana yin kilomita 150 a rana, lita 18 ke nan. In ka rage kashi 15 cikin ɗari ka tsira da kusan lita 3 a rana, kuma a kwanakin aiki 26 ka tara lita 70, kusan cikin tankin Hilux guda. Wani zai ce ba shi da kuɗin cika tanki lokaci ɗaya. Gaskiya ne, jarin da yawa bai kai ba. To, ko sau ɗaya a wata a daure a yi, saura kuma a riƙa rubuta lita, ba naira ba, a ɗan littafin da ke zaune cikin mota. Wanda ba ya rubutawa makanike zai faɗa masa abin da ya ga dama, direba ma haka.

Da zarar ka fara awo, abin da zai fara ba ka mamaki shi ne gudu. Mota tana tafiya ne tana ture iska, kuma turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi: in ka ninka gudunka sau biyu, turjiyar ta ninka sau huɗu. Daga kilomita 90 a awa zuwa 120, iskar da injinka ke kokawa da ita ta ƙaru da kusan kashi 78 cikin ɗari. A-kori-kura kuwa doguwa ce, gabanta faffaɗa, bayanta a buɗe, don haka ta fi ƙaramar mota jin wannan nauyi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka, wadda ta daɗe tana auna waɗannan abubuwa, ta nuna cewa shan mai yana hauhawa da sauri da zarar an wuce kimanin kilomita 80 a awa, kuma tuƙin gaggawa, wato fizgar mota da taka birki da ƙarfi da gudun wuce kima, yana iya cin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari a kan babbar hanya. Yanzu mu duba abin da ake saya da wannan mai. Daga Maiduguri zuwa Damaturu kimanin kilomita 130 ne. A gudun 90 za ka yi awa ɗaya da minti 27, a gudun 120 awa ɗaya da minti 5. Ratar minti 22 ce a takarda, kuma a zahiri ba ta kai haka ba, domin wanda ya wuce ka kamar walƙiya bayan Njimtilo yawanci za ka tarar da shi a layin shingen bincike na gaba, yana jira kamar kowa. Masu iya magana sun ce sauri ya haifi nawa, kuma a wannan hanya kullum ana ganin shaidar haka.

Na san amsar da za ka ba ni, kuma amsa ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Za ka ce wanda ke bin hanyar Dikwa zuwa Gamboru Ngala, ko ta Monguno, ko ta Damboa, ba shi ke zaɓar gudunsa ba. Akwai lokacin da ake buɗe hanya da lokacin da ake rufe ta, akwai tafiyar ayari da rakiyar jami'an tsaro, akwai wuraren da ba a so a yi jinkiri ko na minti ɗaya. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba wanda zai ce ka sayar da ranka don lita biyu. Inda tsaro ya ce a taka, a taka. Amma ka yi wa kanka adalci: kashi nawa na tafiyarka ta mako ce take cikin irin wannan hali? Mafi yawan gudun da matasa ke yi ba tsoro ne ke jawo shi ba, makara ce. An tashi a makare, an yi lodi a makare, an tsaya hira a tasha, sannan a nemi totur ya biya bashin lokacin da aka ɓata. Wanda ya ɗaura kayansa tun dare, ya duba ruwa da baƙin mai, ya isa bakin hanya da wuri, shi ne ke da damar tafiya a natse, kuma shi ne ya fi nisa da haɗarin rufe hanya a kansa. Ashe tattalin mai da tsaron kai sau da yawa hanyarsu ɗaya ce, ba kishiyoyi ba ne kamar yadda ake zato.

Cikin gari kuma wani salon ɓarna ne. Tun da aka hana babura a Maiduguri a 2011, keke napep ya cika tituna, kuma duk wanda ya bi ta Post Office ko Kwastam ko gefen Kasuwar Monday da hantsi ya san tafiya ce ta taka-ka-tsaya. A nan duk birkin da ka taka da ƙarfi man da ka riga ka ƙona ne ka zubar, domin ka biya kuɗin gudun sannan ka kashe shi da ƙafarka. Direban kirki idonsa yana can gaba, ya hango cunkoso ya ɗaga ƙafa tun da nisa, ya bar tazara, ya sa giya ta gaba da wuri ba tare da ya bar inji yana kuka ba. Sai batun sakin mota a firi, wanda yara ke koya daga manya suna ɗauka dabara ce. A tsohuwar Peugeot 504 mai kafireto akwai ɗan abin da ake tsira da shi, amma a motar zamani mai injekta, in ka ɗaga ƙafa daga totur mota tana cikin giya, ƙwaƙwalwar injin takan yanke mai gaba ɗaya, alhali a firi dole ta ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Ka yi asarar mai, ka kuma rasa riƙon da inji ke yi wa mota mai kaya. Haka nan barin inji yana aiki mota na tsaye: awa ɗaya tana cin lita ɗaya zuwa biyu, gwargwadon girman inji da ko na'urar sanyaya tana kunne. Ɗumama mota na kwata awa da safe al'ada ce da aka gada daga injinan da, na yanzu rabin minti ya ishe shi, sai a ja a hankali. Masu cewa tayar da mota ya fi barinta a kunne cin mai su ma da tsohon ilimi suke magana. In tsayuwar za ta wuce minti ɗaya, kuma batirinka lafiya yake, wurin kuma amintacce ne, kashe ta. Sai dai mai injin dizal mai tobo ya ba shi ɗan lokaci ya huce bayan doguwar tafiya kafin ya murɗa makulli.

Maganar lodi ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin a nan masu gardama suna da hujja ta gaske. Suna cewa, in mai ya yi tsada, ai hikima ita ce a ɗora buhu talatin a sawu ɗaya maimakon a yi sawu biyu. Ta wani gefen sun yi daidai, har ma sun fi wasu masu ba da shawara fahimta: abin da ya kamata ɗan kasuwa ya auna ba man kilomita ba ne kaɗai, man kowane buhun da ya isa inda za shi ne. Mota cike daidai ƙarfinta ta fi mota rabin kaya riba nesa ba kusa ba. Amma a-kori-kura irin su Hilux da L200 an ƙera su ne don kayan da bai wuce kimanin tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki, buhu ashirin ke nan masu kilo 50 in an cika mata. In aka ninka wannan, mota ba ta iya shiga giyar sama, tana ta gurnani a ta biyu da ta uku, kuloci yana ƙonewa, sifirin yana miƙewa, taya tana zafi, birki ba ya kamawa. Ribar sawun da aka tsallake sai ta tafi gareji da riɓi, garin neman gira a rasa ido. Abin da kuma aka fi mantawa shi ne tsayin kaya. Katifu, jarkokin da ba komai ciki, kwanduna, kwalayen kifi da aka jera har suka ɗara kan mota, ba su da nauyi sosai amma suna tare iska, kuma a kan hanya mai gudu wannan ya fi nauyi cin mai. A sa mai nauyi a ƙasa, a matso da shi kusa da bayan kujera, a yi ƙoƙari kada tsayi ya wuce rufin mota, a rufe da tamfol a ɗaure shi tamau kada ya riƙa kaɗawa. Babbar asarar da ta fi duk waɗannan kuwa ita ce dawowa wayam. Wanda ya kai kaya Bama ko Konduga ya dawo ba ko buhu ɗaya ya biya man hanya biyu da kuɗin hanya ɗaya. Kiran waya biyu ko uku kafin a tashi, a nemi wanda ke da kayan dawowa ko da a rabin farashi, ya fi duk wani gyaran inji amfani ga aljihu.

Taya ma tana da nata rabon, kuma ƙasarmu ta rairayi ta sa batun ya zama na musamman. Direban da zai shiga yashi yakan rage iska don kada ya kafe, wannan daidai ne. Kuskuren shi ne ya hau kwalta ya manta, ya yi kwana da kwanaki a haka. Ga kuma wata fahimta da ta bazu, wai a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, a rage iska don kada taya ta fashe. Akasin haka ne. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ke lanƙwasa tana miƙewa a kowane juyi, ta ɗau zafi daga ciki, ita ce kuma ke fashewa. A ɓangaren mai, kowace lamba ɗaya da ta ragu a gejin mai faci, in duk tayoyin ne, tana cin kimanin kashi ɗaya cikin ɗari biyar. Ƙarami ne a ido, amma rage goma ya zama kashi biyu cikin ɗari, ban da cinyewar taya wadda ita ma yanzu ba araha ba. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, wadda sau da yawa takan ba da ta mota wayam da ta mota mai kaya. Manyan tayoyi masu kaushi da garkuwar ƙarfe a gaba suna ba mota kwarjini, na yarda, amma kwarjini ne da ake biyan kuɗinsa kullum a gidan mai. Giyar taya huɗu kuma ta yashi da taɓo ce, da an fita a cire ta.

Yanzu sai gareji, inda ake yi wa mota illa da sunan taimako. Kusan duk motar da ta shigo daga waje, shawarar farko da ake ba mai ita ita ce a cire tamosta a haɗa fanka kai tsaye, wai an yi su ne don ƙasashen sanyi. Hujjar tana da daɗin ji a garin da rana ke ƙuna kamar namu, amma ba ta tsaya ba. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ke kusa da digiri 90, kuma aikin tamosta shi ne ya kai shi can da wuri ya riƙe shi. In aka cire, inji yakan daɗe bai kai zafinsa ba, musamman da safiyar hunturu da kan doguwar hanya, ƙwaƙwalwarsa kuma ta ɗauka har yanzu a sanyaye yake, ta ci gaba da zuba masa mai fiye da buƙata. In mota tana zafi, a nemi dalilin: lagireto da ya toshe, murfinsa da ya saki, famfon ruwa, bel. Haka batun abin da makanikai ke kira indomie a cikin salansa, wanda ake cirewa a sayar, a bar na'urar da ke shinshinar hayaƙi tana ba da labarin ƙarya ko a tsinke wayarta. Ita wannan na'ura in ta lalace tana iya ƙara shan mai har kashi 40 cikin ɗari, don haka jar wuta ko ruwan ɗorawa da ta kama a gaban direba ba abin rufewa da salatif ba ce, a kai a sa kwamfuta ta karanta. Matatar iska kuwa, ƙurar hunturu da ke tasowa daga arewacin Chadi tana toshe ta cikin ɗan lokaci. A mota mai kafireto toshewar tana ƙara shan mai kai tsaye, a mai injekta ƙarfi take ragewa, a dizal sai ka ga baƙin hayaƙi. Ko wacce ce, a kakkaɓe ta a kai a kai, kada kuma a kuskura a cire ta, domin yashin da ya shiga inji ba ya fita sai da kuɗi. Motocin da ambaliyar Alau ta Satumban 2024 ta shanye su ma a duba musu birkin da ke riƙewa da wayoyin da suka yi tsatsa, ko da suna tashi lafiya.

Akwai 'yan ƙananan abubuwa da ba sai an daɗe a kansu ba. Ƙwayar da ake jefawa cikin tanki da maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, da suna aiki da kamfanonin mota sun daɗe da sa su. Sauke ƙofar bayan bodi don iska ta wuce ba ya rage komai, gwaje-gwaje sun nuna a rufe ta fi. Man 'yan bumburutu ranar wahala ce ke kai mutum gare shi, amma awonsa ba tabbas, tsabtarsa ba tabbas, kuma wanda ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 ya san abin da mugun mai ke yi wa inji, araha ba ta ado. Na'urar sanyaya mota a tsananin zafi tana iya cin sama da kashi ɗaya cikin huɗu a gajeriyar tafiya. Ba na ce ka gasa kanka ba, amma ka nemi inuwar dalbejiya ka ajiye mota, ka buɗe tagogi zafin ciki ya fita kafin ka kunna ta.

Wasu za su ce duk wannan wahalar banza ce, a mayar da mota mai amfani da iskar gas a huta, tunda gwamnatin tarayya ma tun 2023 take kiran mutane zuwa can. Shawara ce mai kyau ga wanda ya yi lissafinta: tukunyar tana da nauyi, tana cin wuri a bodi, juyawar tana son kuɗi, kuma sai ka tabbata akwai inda za ka cika a hanyar da kake bi. Ko an juya ɗin, ƙafar da ke ɓarnar fetur ita za ta yi ɓarnar gas. Ke kuma 'yata, da duk mai motar da ba shi ke tuƙi ba, akwai abin da ya rage a wuyanku. In kuna ba direba kuɗin mai ne kawai, duk abin da ya rage kuma ku karɓe, to ba shi da dalilin ɗaga ƙafa daga totur, wataƙila ma yana da dalilin ɓoye muku gaskiyar awo. Ku zauna da shi ku auna abin da mota ke sha zuwa Damaturu, zuwa Bama, da yinin cikin gari, ku tsayar da adadin lita na kowace hanya, sannan ku yarda cewa abin da ya rage ƙasa da wannan adadi za a raba shi biyu a ƙarshen mako, rabi nasa. A rubuta yarjejeniyar a littafin nan na cikin mota, a sake auna ta duk lokacin da aka sauya taya ko aka yi babban gyara.